Saƙon da Ban Karanta wa Mama Zuhura Ba

Lahadi, 18 ga Agusta 2013, bayan la'asar

Yau na fara aikin da Anti Awadiyya ta samo min. Tun tarzomar ranar Laraba ban fita daga unguwarmu ta Abbasiya ba, kuma ba zan rubuta komai game da Laraba ba. Tashar metro ta Tahrir a rufe take, a Ataba na sauka na ƙarasa da ƙafa. Shaguna rabi a kulle, sojoji a kowace kwana.

Anti Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, ta shekara ashirin tana girki a gidajen baƙi a Alƙahira. Ta ce min wata baiwar Allah ce aka yi wa aikin ido, mai yi mata tafinta ya gudu ƙasarsu, ana neman mai Turanci da Larabci. Sai da muka shiga lifta sannan ta gaya min ko wace ce.

Firaminista ce. Ta Tumbari, wani tsibiri a tekun Indiya. Na neme shi a taswirar waya, sai da na faɗaɗa sau huɗu kafin ya fito. Sakatarenta, wani dattijo mai suna Ishaq, ya ce mutanensu duka ba su kai dubu ɗari biyu ba.

Na yi tsammanin zan ga mace a kan kujera. Rub da ciki na same ta a kan wani siririn gado mai rami a wajen kai, fuskarta na kallon ƙasa. Idonta na dama ciwon suga ya daɗe da kashe shi. Na hagun aka yi wa aiki ranar Talata, aka hura masa wata iska da za ta danne abin da ya ɓalle a ciki. Dole ta kwanta haka mako biyu, kuma ba za ta hau jirgin sama ba sai iskar ta baje, wajen mako bakwai. In ta hau kafin nan, idon ya tafi.

Na zauna a ƙasa kusa da kanta. Ta ce, "Ƙafafunki kawai nake gani, su ma dishi-dishi. Ya sunanki?"

Na ce Mardiya.

"Ni Zuhura. Ki bar wa Ishaq Madam, ki ce min Mama. Aikinki ki karanta min duk abin da ya shigo, yadda ya shigo. Kar ki sa masa suga."

Na ce to.

Litinin, 19 ga Agusta, azahar

Saƙo arba'in da ɗaya na karanta yau. Mafi yawa daga 'yan majalisarta. Ban gane duka ba, amma na gane wannan: mataimakinta ya haɗa kai da 'yan adawa, za a kaɗa mata ƙuri'ar rashin amincewa jibi. Magana ɗaya ke ta dawowa, tashar jirgin ruwa. Duk inda na zo kanta sai yatsun Mama su daina motsi a kan gadon.

Tana ba da amsa tana kallon tayil, ni ina bugawa. Ba ta ɗaga murya. Ta san sunan matar kowane ɗan majalisa da ƙauyen da aka haife shi.

Laraba, 21 ga Agusta, magariba

Ƙuri'a sha tara da sha huɗu. Ta faɗi.

Alhamis, 22 ga Agusta, hantsi

'Yan sanda biyun da ke zama a ƙofar bene sun tafi da safe. Bawwab, mai gadin gidan, wanda jiya yake ce mata hanim, wato uwargida, yana rusunawa, yau tambayar Anti Awadiyya ya yi yaushe za su tashi.

An yanke layin waya na waje a tsibirin. Imel kawai ke zuwa, shi ma daga 'yarta Nuru, wadda ke zuwa gidan wata ƙawarta ta aiko. Ta ce an sa wa mahaifinta, Kyaftin Athumani mijin Mama, 'yan sanda a ƙofa, ba shiga ba fita. Na karanta yadda ya shigo. Mama ta ce, "Maganin zuciyarsa fa? Tambaye ta ko sun bar a kai masa."

Bayan nan ba ta nemi wani saƙo ba. Labari ta yi ta ba ni, har shayi ya huce.

Mahaifin Mama masunci ne, teku ta tafi da shi tana shekara tara. Uwarta tsinkar kanumfari take yi a gonakin masu kuɗi. Ita kaɗai ce mace a ajinsu na sakandare, malamin lissafi ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "ke ta baya". Ta zama malamar firamare. Wata shekara mata uku suka faɗo daga kan bishiyar kanumfari a mako guda, masu gona suka ce ba ruwansu. Ita ta rubuta wa matan takardar koke don ita ce ta iya rubutu, sai ta wayi gari ita ce shugabarsu. Gwamnatin lokacin ta kulle ta wata takwas.

Ta ce, "Ban taɓa nufin siyasa ba, Mardiya. Takarda ɗaya na rubuta."

Daga kurkuku sai majalisa, sai ministar ilimi, sai shekara bakwai a kujerar da aka karɓe jiya.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Ban fita ba. Daga tagar ɗakinmu ana jin jirage masu saukar ungulu. Yayana Hadi ya kira daga Azare, ya ce in bar karatun in dawo gida har ƙasar ta lafa. Na ce masa saura babi ɗaya in gama risalata ta digiri. Ban gaya masa tun Laraban can ban buɗe littafin fiƙihu ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, la'asar

Yau Kyaftin aka yi hira a kansa. Shi ke tuƙa jirgin ruwan da ke kai mutane babban yanki, shekara talatin. Ranar da aka kama ta, a jirginsa aka ɗauke ta zuwa kurkuku, da ankwa a hannu. Ya sauko daga inda yake tuƙi ya ba ta rabin burodinsa, ɗan sanda ya hana, ya ce a jirginsa shi ne hukuma. Da aka sake ta, a jirginsa ta dawo. Kafin su iso gaɓa ya tambayi sunan kawunta, don ya je neman aurenta.

Ta ce bai taɓa kwana a gidan gwamnati ba. Yana zuwa ya ci abincin rana ya koma gidansu na bakin teku. In 'yan jarida suka tare shi sai ya yi musu bayanin yanayin iska.

Ta yi dariya har Malam Ishaq ya leƙo ya ce likita ya hana girgiza kai.

Talata, 27 ga Agusta, azahar

Saƙo ya shigo daga Nuru da ƙarfe goma da minti shida. Layi biyar.

Ina kicin ina jiran ruwan zafi na buɗe shi. Anti Awadiyya ta ga fuskata, ta karɓi butar daga hannuna. Na fassara mata. Ta zauna a kan buhun shinkafa tana innalillahi a hankali, hannunta a kan baki.

Na nufi ɗakin, Malam Ishaq ya tare ni a baranda. Ya riga ya sani, ban san ta ina ba. Ya ce, "Ba yanzu ba. Ido ɗaya gare ta. In ta yi kuka, in ta tashi zaune, shi ke nan. Kina so ki zama ke kika makantar da ita?"

Na ce Nuru ta ce a gaya mata.

"Nuru ba ta san abin da likita ya ce ba. Ni zan ba Nuru amsa. Kwana kaɗan ne."

Na shiga na zauna a wurina. Ta ce, "Akwai wani abu daga gida?"

Na ce babu tukuna.

Laraba, 28 ga Agusta, asuba

An binne Kyaftin jiya bayan la'asar. Mutum tara aka bari suka bi gawar.

Alhamis, 29 ga Agusta, azahar

Mun kai ta wajen likita a tasi, kanta a sunkuye a kan matashi a cinyata. A hanya an tsayar da mu sau biyu. Wani soja ya leƙo ya ce me ya sami hajja, na ce ido. Ya ce salamtik, wato Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mu.

Likita ya ce ƙarfin jinin idon ya hau. Za ta iya zama yanzu, amma ta riƙa komawa rub da ciki awa shida a rana, kuma akwai wani ƙaramin aiki ranar goma ga wata mai zuwa. Malam Ishaq ya ja shi gefe, ni na yi musu tafinta. Likitan ya ɗaga kafaɗa ya ce shi likitan ido ne, ba zai ce a ɓoye ba, ba zai ce a faɗa ba, amma tashin hankali ba zai taimaka ba. Malam Ishaq ya ɗauki rabin maganar na ƙarshe ya bar na farko. Ni ma haka na yi.

Yau na fara ganin fuskarta sosai. Ƙarama ce, baƙa, da tabo a haɓa.

Ban faɗa ba.

Asabar, 31 ga Agusta, la'asar

Ta ce kwana biyar ba labarin Athumani, ba halin Nuru ba ne. Ta ce in sake dubawa. Ta ce in duba da kyau.

Na riƙe wayar. Malam Ishaq yana tsaye a bakin ƙofa. Bai sa ni ba, ni kaɗai na yi.

Na ce ga wani ya shigo yanzu. Na ce Nuru ta ce an kai masa maganinsa, yana cin abinci, ya ce a gaishe ta, ya ce ta kula da kanta yana kewarta.

Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Athumani ya tsufa. Da bai iya irin wannan maganar ba. Da cewa zai yi teku ta kwanta, ke nan."

Ta yi murmushi. Ta ci duk abincinta na rana, rabon da ta yi haka tun ranar ƙuri'a.

Na yi alwala sau uku kafin in iya tayar da sallah.

Litinin, 2 ga Satumba, hantsi

Ta shifta min wasiƙa zuwa gare shi. Shafi guda. Ta ce masa ya daina musu da 'yan sandan ƙofa, ya ba su shayi. Ta ce idan ta dawo za ta zauna a gidan bakin teku, ta gaji da gidan da ke da fanka a kowane ɗaki amma babu iska. Akwai wasu layuka da ba zan kwafa a nan ba, ba nawa ba ne.

Ta ce, "Kin aika?" Na ce na aika. Tana nan a ajiye a cikin wayar.

Bayan haka ta kira Anti Awadiyya ta ce tana son lalle irin na Sudan, a hannu da ƙafa, ta kuma turara mata kaya da turaren wutan nan nata mai ƙamshi. Ta ce ta gaji da warin asibiti.

Anti Awadiyya ta dube ni. Ni ce mai karatun fiƙihu, babin idda na rubuta jarrabawa a kansa bara. Wata huɗu da kwana goma, babu lalle, babu turare, babu ado. Kwananta bakwai a cikin takaba ba ta sani ba.

Anti Awadiyya ta ce lallen ya ƙare, kasuwa kuma ba ta shiguwa. A kicin ta ce min, "Wallahi 'yata, ni ba zan ƙara ba. Yau na yi miki, gobe ba zan yi ba. Matar nan tana da haƙƙi ta yi wa mijinta addu'a."

Na ce sai bayan ranar goma.

Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Allah yana gani."

Ban faɗa ba.

Talata, 3 ga Satumba, bayan azahar

Ban tambaye ta ba, ita ta ɗauko maganar tashar jirgin ruwa.

A watan Mayu ne. Gwamnatinta ta ba wani kamfanin waje hayar tashar, don a sami abin gina asibiti da sayen injin wutar lantarki. Masunta suka ce an kore su daga inda kakanninsu ke ɗaure jirage. Suka tare hanyar tashar kwana goma sha biyu. Jirgin shinkafa da na magani suna tsaye a teku ba su sauke kaya ba.

"Na kira shugaban 'yan sanda na ce a buɗe hanya kafin Juma'a. Ban ce a yi harbi ba. Amma na san wanda na kira, Mardiya. Na san shi tun yana kofur."

Mutum goma sha ɗaya aka harbe suka mutu. Biyu daga cikinsu ta koyar da su a aji uku.

Ta ce Athumani bai zo cin abincin rana ba tun daga ranar, har ta taho. Ya raka ta filin jirgi, ya ɗaukar mata jaka, bai ce komai ba. "Shi ya sa saƙon nan nasa na ranar Asabar ya yi min daɗi. Ina ga ya huce."

Na ce zan je banɗaki. Na daɗe a can.

Alhamis, 5 ga Satumba, la'asar

Malam Ishaq ya fita tun safe, ya dawo da takarda shafi biyu a cikin ambulan. Ya ce wani wakilin sabuwar gwamnati ya sauka a otal, sun gana. Ya miƙo min ya ce in karanta mata.

Takardar ta ce ita kaɗai ta ba da umarnin harbi, da bakinta, mataimakinta da shugaban 'yan sanda sun yi ƙoƙarin hana ta. Ta ce ta bar siyasa har abada, ba za ta koma tsibirin ba sai bayan shekara goma.

Mama ta ce, "Ni kuma me zan samu?"

Malam Ishaq ya ce, "Za su saki Kyaftin, Madam. Su sa shi a jirgi ya zo nan ya same ki. Sun yi alkawari."

Na ɗaga kai na dube shi. Bai kau da ido ba.

Ta ce mataimakin yana zaune a gefenta lokacin da ta yi wayar, shi ne ma ya ce kafin Juma'a. Malam Ishaq ya ce ya sani, amma zuciyar Kyaftin ba za ta jure tsare ba. Ta ce a ba ta zuwa Asabar, ta yi istihara. Amma na ji a muryarta, ta riga ta sa hannu.

A bakin lifta na ce masa, "Malam, wa za su saka a jirgin?"

Ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba. In ta koma za su kulle ta har ta mutu. Takardar nan ce kaɗai za ta hana ta komawa. Shekara goma sha tara ina ɗaukar mata jaka, ba ke za ki koya min sonta ba. Ni ma ina da iyali a can."

Ban san wanne daga cikin maganganun ne gaskiya ba. Wataƙila duka.

Juma'a, 6 ga Satumba, azahar

Ina ɗakina. Na rubuta yadda zan faɗa mata da Turanci sau shida, na yage.

Na kira Hadi na ba shi labarin ba tare da suna ba, kamar mas'alar aji. Ya ce amsar a fili take, me ya sa nake tambaya. Sannan ya ce, "Mardiya, ke ce?" Na ce layin ba kyau.

Idan na faɗa, idon. Idan ban faɗa ba, takardar.

Kwana goma ke nan.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na isa kafin tara. Malam Ishaq ya tafi ɗauko wakilin don ya shaida sa hannu. Mama tana zaune a kan kujera ta yi wanka, ta sa farin mayafi. Ta sa Anti Awadiyya ta nemo mata biro.

Na durƙusa a gabanta. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Mama, akwai saƙon da ya shigo ranar ashirin da bakwai ban karanta miki ba."

Ta ce, "Karanta."

Na karanta layi biyar ɗin yadda suka shigo. Ya faɗi a tsakar gida ranar Litinin da rana. 'Yan sandan ƙofa sun ce sai sun sami izini kafin a kai shi asibiti. Izinin ya zo bayan awa uku.

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake karantawa." Na sake.

"Na ranar Asabar fa? Wanda ya ce yana kewata."

Na ce babu shi. Ni na ƙirƙira.

"Wasiƙata?"

Na ce tana cikin waya.

Ta ajiye biron a kan cinyarta. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sau ɗaya, a fili. Sannan ta tambaye ni kwana nawa ke nan, kuma daga yaushe ake fara ƙirga. Na ce daga ranar rasuwa. Ta cire 'yan kunnenta da zobe ta miƙa wa Anti Awadiyya. Ta ce in fita.

Daga kicin muka ji. Ba ihu ba ne. Anti Awadiyya ta shiga ta riƙe mata kai tana roƙonta ta sunkuya, ko don idon. Ba ta sunkuya ba.

Da Malam Ishaq ya iso da baƙon, Anti Awadiyya ta tsaya a ƙofa ta ce musu gidan makoki ne, masu ta'aziyya kawai ke shiga.

Lahadi, 8 ga Satumba, azahar

Na je. Ba ta kira ni ba. Na wanke kwanuka na dawo.

Talata, 10 ga Satumba, magariba

Jini ya zuba a cikin idon. Likita ya fasa ƙaramin aikin, ya ce sai abin da Allah ya yi. Na tambaye shi a baranda ko kukan ne ya jawo. Ya ce mai ciwon suga irin nata, zai iya faruwa ko tana barci. Na ce amma zai iya zama kukan. Ya ce, "Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, ban sani ba."

Malam Ishaq ya kwashe kayansa jiya. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi magana da yarensu, ya daɗe. Kalma ɗaya ta mayar masa. Ya sauka ta matakala bai jira lifta ba. Anti Awadiyya ta ce yana kuka.

Alhamis, 12 ga Satumba, hantsi

An buɗe layin waya. Ta yi magana da Nuru awa guda. Ashe tun farko Malam Ishaq ya rubuta wa Nuru cewa uwarta ta ji, amma ba ta iya magana ba. Yarinyar ta yi mako biyu tana tsammanin uwarta ta ƙi kiranta.

Bayan wayar Mama ta ce, "Mardiya tana nan?" Rabon da ta ambaci sunana tun Asabar.

Na ce ga ni.

"Ba ni da wani mai rubutu. Zauna. Duk layin da kika rubuta ki maimaita min, Awadiyya kuma za ta kai wa wani ya sake karanta min."

Na ce to. Daidai ne.

Takarda ta shifta zuwa ga mutanen Tumbari. Ta faɗi ranar da ta yi wayar, da abin da ta ce, da wanda ke zaune a gefenta. Ta ce ba ta ba da umarnin harbi ba, amma ita ta aika mutumin, jinin yana wuyanta tare da su. Ta jera sunayen goma sha ɗayan da ƙauyukansu, ba ta yi tuntuɓe ko a ɗaya ba. Ta ce za ta dawo ranar da likita ya sallame ta, a yi mata shari'a a fili. Ba ta ambaci Kyaftin ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Mama, za su kama ki."

Ta ce, "Karanta min layin ƙarshe."

Laraba, 18 ga Satumba, la'asar

Nuru ta ce ana kwafar takardar da hannu ana rabawa a kasuwar kifi. Wasu iyalan mamatan sun ƙona ta. Wata uwa ta liƙa ta a ƙofarta. Gwamnati ta fitar da sammacin kamu.

Na karanta mata duka. Ta ce, "Wadda ta ƙona, wace ce?" Na faɗi sunan. Ta ce, "Tana da gaskiya."

Idon yana ganin haske da inuwa. Bai wuce nan ba.

Talata, 24 ga Satumba, azahar

Tana min magana, amma ta aiki kawai. Labarin kanumfari da jirgin ruwa ya ƙare. Da Anti Awadiyya take hira yanzu, da guntun Larabcin da ta koya a makarantar allo, suna fahimtar juna ban san ta yaya ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Likita ya sallame ta shekaranjiya. Iskar ta baje. Ganin bai dawo ba.

Mun kai ta filin jirgi ni da Anti Awadiyya. Jaka ɗaya. Ta rarraba sauran kayan, ta ce inda za ta ba a buƙatar su. Ma'aikacin jirgi ya kawo keken marasa lafiya, ta ce za ta taka, a dai ba ta hannu.

Ta rungume Anti Awadiyya sun daɗe. Ni ta laluba ta kama wuyan hannuna.

Na ce, "Mama, ki yafe min."

Ta ce, "Ɓoyewar na yafe, kin ji tsoro ne, an kuma tsorata ki. Kin hana ni sa hannu, wannan ma ban manta ba. Amma kin sa masa magana a baki, Mardiya. Na yi mako guda ina jin daɗin ya huce da ni. Yanzu ban san da me ya tafi ba. Wannan ki ba ni lokaci."

Ta saki hannuna. Ma'aikacin ya ja ta suka shige.

Laraba, 9 ga Oktoba, hantsi

Nuru ta kira. A ƙafar jirgi 'yan sanda suka ɗauke ta. Mutane sun taru a bayan shingen waya, wasu na kiran sunanta, wasu na jifa. Tana tsare a barikin 'yan sanda, an sa shari'a bayan Babbar Sallah.

Ranar Litinin sun bar ta ta je maƙabarta, minti goma, da 'yan sanda mata biyu. Nuru ta ja ta har bakin kabarin. Ta durƙusa ta shafa ƙasar daga kai har ƙafa, ta tambaya ko an fuskantar da shi alƙibla daidai. Ta yi addu'a. Da lokaci ya cika ita ta fara tashi.

Nuru ta ce ta ba da saƙo a gaida Anti Awadiyya, a ce mata ta gode da abinci.

Na tambaya ko ta ce wani abu game da ni.

Nuru ta ce, "A'a. Ba ta ce ba."

Na ce na gode da ta gaya min yadda yake.